Sunan da Manjo Ba Ya Kira

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa Zubaida muguwa ce, na ji ku. Ni ban ce dole ku so ta ba. Amma ku zauna a gidan nan yini guda tukuna, sannan ku yanke mata hukunci.

*

Makullin ɗakin Inna ne ya ɓata komai.

Tun da Inna ta rasu Malam Lauwali ya garƙame ɗakin nan, ya jefa makullin a aljihunsa. Zubaida, 'yarsa, wadda ta yi ta ɗaga aurenta don kada tsohon ya rasa mai dafa masa, ko da sunan shara bai taɓa barinta ta shiga ba.

Yau da hantsi sai ga Gwaggo Dela, yayar Baban, ta fito daga turakarsa da makullin a hannu. Ta wuce Zubaida da ke tankaɗe a bakin madafa, ta miƙa wa Sa'adiyya.

"Ungo. Ya ce ki koma can, ɗakin da kike ciki yana yoyo."

Zubaida ta ajiye rariya.

"Gwaggo, wane ɗakin?"

"Kin ji ni sarai."

"Ɗakin uwata?"

"Ɗakin uwarki. Sai ki tashi ki taya yayarki shara."

"Ni ba ni da yaya. Ni ce babba a gidan nan."

Gwaggo ta dube ta kamar za ta yi magana, sai ta fasa, ta ja mayafinta ta fita.

Ita kuwa Sa'adiyya tana nan tsaye da makulli a tafin hannu, ta rasa inda za ta sa shi. Kowa a Roni ya san ta a matsayin 'yar marigayi Malam Sani, wan Baba, wanda ya tafi Sudan tun yana saurayi bai sake dawowa ba. Yaƙi ne ya koro ta daga Umdurman. Ta ratso Chadi, ta iso gidan nan farkon damina da jaka ɗaya da wata Hausa ta mutanen da, mai gauraye da Larabci.

Da farko Zubaida ba ta damu ba. Har tausayinta ta ji, musamman da ta ga Baba ba ya ko ɗaga ido ya kalli baƙuwar. In ta gaishe shi, bango yake amsa wa. In ta shigo yana cin abinci, sai ya rufe kwano.

Ita kuwa Zubaida bakin Baba ba ya hutawa da sunanta. Zubaida kawo ruwa, Zubaida zo ki ji abin da rediyo ta ce. Da wannan take yi wa ƙawayenta yanga tun suna firamare. A garin da uba ke kiran 'yarsa ta fari "ke" ko "waccan" har ta yi jikoki, ita nata uban ba ya jin kunyarta ko kaɗan. Takan ce tsabar so ne ya fi ƙarfin al'ada.

To amma sai abubuwa suka fara wucewa ta gabanta.

Baba da ko shayi bai dame shi ba, ya hau babur har Kazaure ya sayo gahawa. In an yanka kaza, sai ya tsame cinya ya ce, "A kai wa baƙuwar nan." Ranar kasuwa ya dawo da turmin atamfa, Zubaida har ta fara murmushi, ya ce, "Ba wa baƙuwar nan."

Duk ta shanye. Amma makullin nan ya tsaya mata a maƙogwaro. Kishi take, kuma ta san kishi take. Ni dai da na leƙa zuciyarta ban ga wurin zama ba.

Tana kwashe gari dabara ta faɗo mata.

Duk Roni Manjo ake kiran Baba, alhali ko hular kaki bai taɓa sawa ba. Son mulkin soja ne ya ja masa sunan. Ka zagi gonarsa ya yi dariya, amma ka taɓa soja sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Zaharadeen, ɗan Gwaggo Dela na cikinta, ya taɓa cewa juyin mulki fashi ne da bindigar gwamnati. Da sanda Baba ya raka shi har bakin titi, kuma sai da aka yi Sallah biyu kafin ya sake taka gidan.

Zubaida ta kaɗe zaninta. Ta san abin da za ta yi.

*

Bayan la'asar Baba yana zaure a kan buzunsa, rediyo a cinya. Gefensa Oga Bartholomew ne, tsohon malamin makaranta da ya zo Roni aiki tun Zubaida ba ta zo duniya ba, ya yi ritaya ya ƙi komawa garinsu. Kullum sai sun yi gardama, kullum kuma sai ya dawo.

Zubaida ta leƙa ɗaki ta saki fuska.

"Sa'adiyya, ki dafa gahawar nan taki mana. Baba yana da baƙo."

Sa'adiyya ta ji daɗi har cikin idonta. An daɗe ba a neme ta da wani abu a gidan ba.

Suna shiga zauren, Zubaida da kofuna, ita da tulun gahawa, suka tarar an yi nisa.

"Kai Malam, ka daina kare ɓarayi," in ji Baba. "Me farar hula suka tsinana mana? Buhun taki yanzu sai mai mota. Ba ka ganinsu sai zaɓe ya zo, su raba wa mata taliya da sabulu, su ɓace."

"Manjo, ai ko ba komai ranar zaɓe kana iya korarsa. Soja fa, da me za ka kore shi?"

"Wa ka taɓa kora? Ka leƙa tsallaken iyaka mana. Da sojoji suka karɓa, mutane rawa suka fito yi a titi."

"Suna rawa, 'yan kasuwar Babura suna kuka. Ka tambayi masu canjin sefa yadda suka ji da aka rufe boda."

"Gyara ai sai da wahala. Ƙasar nan mai bulala take so, ba mai lasifika ba."

Sa'adiyya ta durƙusa tana zuba gahawa. Baba ya mayar da fuskarsa bango kamar kullum.

Zubaida ta gyara murya.

"Baba, ai ga wadda ta goyi bayan Oga. Ɗazu take ce min duk mai son mulkin soja bai san ciwon kansa ba."

Rediyo na ta surutu a cinyar Baba.

Hannun Sa'adiyya ya tsaya cak. Ta juyo ta kalli Zubaida, kallon da ya nuna ta gane tarkon. Ta ajiye tulun a hankali.

"Baffa, wallahi ban faɗi haka ba."

Ta ɗago kai ta ci gaba.

"Amma tunda an jawo ni, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ma na yi rawar nan."

Oga Bartholomew ya gyara zama.

"Mu ma farar hularmu sun gajiyar da mu," ta ce. "Taro kullum, burodi yana tashi, ba mai jin kowa. Ranar da manyan sojoji biyu suka haɗa kai suka ture su, maƙwabtanmu da yawa zanga-zanga suka fita. Ni kuwa guɗa na yi a tsakar gida. Mijina ya ce, Sa'adiyya, ki rage murna, mutum biyu ne fa kuma kujerar ɗaya ce. Na ce masa matsoraci."

Ta sunkuyar da kai.

"Da suka saɓa, ba a majalisa suka yi gardamar ba, Baffa. A unguwarmu suka yi ta. Wannan ya kafa bindiga a kan rufin makarantarmu, wancan ya aiko jirgi. Mijina ya fita neman ruwa da jarka. Jarkar aka kawo min."

"Ya Allah," in ji Oga Bartholomew a hankali.

"Ummata kuma ciwon suga gare ta. Asibitin da take karɓar allura ya koma barikin soja. A gabana ta tafi, ba harsashi ba komai. A cikin gida muka haƙa mata, don ba hanyar maƙabarta."

Kofin da ke hannun Baba ya girgiza, gahawa ta zuba masa a riga. Zubaida ta gani, ta ce a ranta, yawwa, ya fara hawa.

"Ni ban ce farar hula mutanen kirki ba ne," Sa'adiyya ta ci gaba. "Abin da ka faɗa a kansu gaskiya ne. Amma su in sun yi faɗa zagin juna suke a rediyo, ka kashe ka yi barcinka. Mai bulalar nan da kake kira, in ya zo ba ya tambayar da bayan wa zai fara."

Zubaida ta saci kallon sandar da ke jingine a kusurwa. Abin da Zaharadeen ya faɗa ko rabin wannan bai kai ba.

Baba ya kai hannu. Ba sandar ya ɗauka ba. Rediyon ya kashe.

Ya miƙe da ƙyar, ya zura takalmi ɗaya ya bar ɗaya, ya shige cikin gida bai kalli kowa ba.

Oga Bartholomew ya bi shi da ido.

"Tun gashina yana baƙi nake gardama da Manjo," ya ce. "Ban taɓa sa shi ya kashe rediyo ba."

*

Abin ya yi wa Zubaida ciwo fiye da makullin. Ko tsawa babu? Ita da ta taɓa cewa wani gwamna ya yi ƙoƙari, yini guda Baba bai ci tuwonta ba.

A tsakar gida ta tare Sa'adiyya.

"Kin ji daɗi? Kin kunyata tsoho a gaban baƙo."

"Ke kika kai ni."

"Na kai ki ki zuba gahawa, ban kai ki wa'azi ba. Kin zo kin cinye kaza, kin sa atamfa, kin karɓe ɗakin uwata, yanzu kuma bakin ubana kike so ki rufe. Saura me? Gonar?"

"Zubaida, ni ban roƙi ko ɗaya ba."

"Ai ba sai kin roƙa ba. Ki langaɓar da kai ki ce yaƙi, shi ke nan kowa ya narke. Mu ma an mutu mana. Ni a nan na yi jinyar uwata, kina ina?"

"Ina can ina binne tawa."

Maganar ta doki Zubaida, amma ta riga ta yi nisa.

"Gidan nan ba sansanin 'yan gudun hijira ba ne. Wanda ya haife ki bai ajiye ko bulo ɗaya a nan ba."

Sa'adiyya ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi kuka ba. Da alama kukanta ya ƙare tun a hanya.

"Kina kishi da ni a kan me?" ta ce. "Mutumin da ko sunana bai taɓa kira ba? Wata nawa ina gidan nan, baƙuwar nan, baƙuwar nan. Yana ba ni ne don kada a ce ya wulaƙanta 'yar wansa. Ke kuwa da safe Zubaida, da rana Zubaida. In ina ɗaki ina jinsa, sai in ce ina ma ni ce."

Ta kamo hannun Zubaida ta danƙa mata makullin.

"Ga ɗakin uwarki. Akwai waɗanda muka taho tare a Kazaure, zan je wurinsu. An kore ni daga inda ya fi nan."

Ta shige ɗaki haɗa kaya.

Zubaida ta damƙe makullin. Ta yi nasara. Ta tsaya tana jiran daɗin ya zo, bai zo ba.

Sai ji ta yi an fizgi hannunta. Gwaggo Dela ce, ashe ta dawo tana bakin rijiya, ta ji komai. Ta ja ta har cikin madafa ta tura ƙyaure.

"Zauna."

"Gwaggo, ni fa..."

"Na ce zauna. Tambayarki zan yi, ki ba ni amsa kamar mai hankali. Innarki, Allah ya jiƙanta, ta taɓa kiran sunanki?"

"A'a. 'Yar nan take ce min."

"Don me?"

"Ai ni ce 'yar farinta."

"Ta taɓa cin abinci kina kallo? Ta taɓa yi miki wasa a gaban mutane?"

"A'a."

"Madalla. To ubanki fa?"

Zubaida ta ɗaga kai.

"Baba ai... Baba ba ruwansa da wannan al'adar. So ne ya..."

"Lauwali? Lauwalin da har yau ba ya faɗin sunan ubanmu, in ya haɗu da mai sunan sai ya ce mai sunan Malam? Shi ne ba ruwansa da al'ada?"

Zubaida ta sunkuyar da kai.

"A gidan nan wa yake rufe kwano in ta shigo?" in ji Gwaggo. "Wa yake amsa wa gaisuwa yana kallon bango? Sunan wa ya gagare shi?"

"A'a, Gwaggo."

"Ke kin yi boko, amma abin da kowace tsohuwa a layin nan ta gane tun makon farko, ke ya wuce ki."

"'Yar Baffa Sani ce. Kowa ya sani."

"Sani ya riƙe ta. Bai haife ta ba."

Gwaggo ta zauna a kan turmi, muryarta ta yi ƙasa.

"Ubanki ya bi Sani Sudan yana saurayi, da niyyar wucewa Makka. Ya yi aure a can, aka haifi yarinyar nan. Tana jaririya ya tsallaka Jidda, ya ce zai dawo ya ɗauke su. Aka kama shi ba takardu, aka sauke shi a Kano da rigar jikinsa. Da fari ba halin komawa, daga baya kunya ta hana. Da ya ga yana cutar 'yar mutane sai ya sawwaƙe mata. Sani ya aure ta ya riƙe yarinyar, aka rufe maganar."

"Ita ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kuma ɗazu a gaban baƙo kika sa ta ba shi labarin yadda uwarta ta mutu. Bai taɓa tambaya ba, don ya san ba zai iya ji ba."

Zubaida ta tuna kofin da ya girgiza. Ita da ta ɗauka fushi ne.

"Inna fa?" ta ce da ƙyar.

"Tun kafin a ɗaura musu aure ya gaya mata. Ita ce ma ta ce, duk ranar da yarinyar nan ta zo, a ba ta ɗakina. Shi ya sa ya kulle shi. Ajiya ce."

Nan Zubaida ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. A da kishin kaza da atamfa take. Yanzu kuwa kishin bangon nan take, wanda Baba ke kallo in Sa'adiyya ta gaishe shi. Kishin kwanon da yake rufewa. Abin da ta yi ta yanga da shi tun tana yarinya, ashe shaida ce cewa akwai wata a gabanta.

"Ni bai taɓa jin kunyata ba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ko sau ɗaya, Gwaggo."

"Yana sonki."

"Na sani. Amma ni ba ita ba ce."

Ƙarar ƙyaure suka ji daga waje.

Zubaida ta fito. Sa'adiyya ce ta ratsa tsakar gida da jakar nan tata guda ɗaya, sanye da tufafin da ta zo da su. Atamfar tana ninke a bakin ƙofa. Ta durƙusa daga nesa, saitin turakar Baba.

"Baffa, na gode da riƙo. A yafe min abin da na faɗa."

Ba ta jira amsa ba, don ba ta saba samu ba. Ta miƙe ta nufi zaure.

Labulen turakar ya ɗaga. Baba ya fito ba hula, idonsa jajir, tabon gahawa a gaban rigarsa. Ya bi ta taku kaɗan ya tsaya.

"Ke..."

Ba ta juyo ba.

"Ke... baƙuwar..."

Ta shige zauren. Ta gaji da wannan sunan.

Bakin Baba yana motsi. Zubaida tana ganin sunan ya zo masa har leɓe, ya koma. Mutumin da in yana gardamar soja ana jiyo shi daga masallaci, yau ya rasa muryar kiran suna ɗaya.

Ya juyo. Ya kalli Zubaida ido cikin ido, yadda ya saba kallonta, ba kunya ko ɗigo.

"Zubaida," ya ce. "Kira min yayarki."

Makullin yana cizon tafin hannunta. Gwaggo tana kallonta. Baba yana kallonta.

A waje ta ji mai acaɓa ya tayar da babur.